Noreen da Hannunta Mai Rawa

Yayata Noreen tun tana zanen goyo ba ta iya cewa "to" ba. Mama takan ce ranar da aka kai ta coci aka yi mata baftisma, kama gemun limamin ta yi ta ƙi saki, sai da Baba ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Mu biyu ne a gidanmu a garin Dauphin na ƙasar Kanada, ita ce babba. Babanmu, Stefan Petrash, yana da shagon gyaran rediyo da talabijin, kuma a ƙarƙashin teburinsa Noreen ta girma, tana tsintar wayoyi tana haɗa su. Ni kuwa gashin 'yar tsana nake ta tsefewa, shi ya sa har yau gyaran gashi nake yi.

Da ta gama sakandare ta sauko nan birnin Winnipeg karatun injiniyan lantarki. A ajinsu ita kaɗai ce mace. Ranar farko wani malami ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "'Yammata, ina jin kin yi ɓatan kai. Makarantar koyon jinya tana ƙetaren titi."

Ta ce, "Na gan ta, Malam. In ka zame a ƙanƙara ka karye, zan kira maka su."

Ta gama ta fi kowa maki, ta ci gaba har ta zama dakta, sannan ta kama aiki a wata cibiyar binciken barci. In matan da ke zuwa shagona suka tambaye ni aikin yayata, cewa nake kallon mutane take suna barci ana biyanta. Ba haka ba ne, amma ya fi sauƙin faɗa. Gaskiyar ita ce, ana kwantar da mutum a manna masa wayoyi a kai da haɓa da ƙirji da ƙafafu, na'ura ta yi ta zana layuka suna hawa suna sauka. Noreen ce ke rubuta lissafin da ke koya wa kwamfuta karanta layukan nan, ta gane wannan mafarki ne, wannan numfashi ne ya tsaya, wannan kuma juyi kawai mutum ya yi.

Abin da ke ba ta haushi shi ne, manomi daga can wajenmu sai ya jira wata da watanni, ya tuƙo mota yini guda, ya zo ya kwanta a gadon da bai sani ba, kai duk wayoyi, ga kyamara a sama tana kallonsa. "Wa zai yi barcinsa na gaskiya a haka?" in ji ta. "Barcin baƙunta muke aunawa, muna kiransa kimiyya." Don haka ta ƙera wata 'yar na'ura kamar agogon hannu, da 'yar'uwarta ta ɗaurawa a idon sawu. Mutum ya tafi da su gida ya kwanta a gadonsa, kusa da matarsa, karensa a ƙafa, su kuma su yi ta tattara kowane motsi.

Abu ɗaya ta fi farauta. Ta ce in lafiyayyen mutum ya shiga mafarki, jikinsa kan kulle kansa, ko da gudu yake a mafarkin ba zai motsa ba. Amma akwai waɗanda makullin kan lalace musu, sai su yi ta kai naushi da shuri da ihu suna barci. Da yawa daga cikinsu, bayan shekaru, ciwon rawar jiki da ake kira Parkinson yakan fito musu. Burinta a gano su da wuri, tun hannu bai fara rawa ba.

Mijinta Walter Friesen direban bas ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Yadda suka daidaita har yau ban gane ba. Wata ranar Ista muka taru a gidan Mama, lokacin Baba ya riga ya rasu, sai ga Walter ya shigo ido ɗaya a kumbure, ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Mijin yaya, wane fasinja ne ya yi maka wannan kwalliya? Ka faɗa min, in je in koyo."

Ya ce, "Ba fasinja ba ne. Shugabar gidan ce da kanta."

"Me ka yi mata?"

"Kwana na yi kusa da ita. Wai dinya ce, ƙatuwar agwagwar nan ta daji, ta biyo ta a mafarki, ta juyo ta ba ta ɗaya. Ashe ni ne dinyar."

Muka kwashe da dariya, har Mama na share hawaye da gefen ƙyallen tebur. Noreen ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ajiye cokali ta ce, "Walter, wannan ne na farko?"

Ya sosa ƙeya. "To, na ido dai shi ne na farko."

"Tun yaushe?"

"Tun kaka, ina jin. Shuri ne dai, da 'yan zage-zage."

"Kuma ba ka faɗa min ba?"

"Na ɗauka haushin wurin aiki kike saukewa. Na ce gara ni da shugabanku."

Noreen ta miƙa wa Mama faranti ta ce a ƙara mata perogi, curin fulawar nan mai dankali a ciki. Ta cinye tas. Sai da muka fito muna kankare ƙanƙara daga gilashin mota ta ce min, "Ke Lesia, kin san abin nan da nake bin mutane gida-gida ina nema? To, na same shi a gadona."

Na ɗauki lokaci kafin in gane. Da na gane sai na fashe da kuka.

Ta ce, "Share fuskarki, kin ɓata kwalli. Ban ce miki jibi zan mutu ba. Kuma in kika faɗa wa Mama, ke ce dinya ta gaba."

Ta je wajen wani likita a wani gari, wanda bai san ta ba, aka manna mata wayoyin da ta saba gani a kan wasu. Aka tabbatar. Ta ce wa Walter ya koma ɗaya ɗakin don lafiyar fuskarsa. Ya ce shi da ya tuƙa bas a titin Main ranar da ake biyan albashi, naushinta ba zai kore shi ba. Ya sayo dogon matashin kai ya gindaya a tsakaninsu, suka ci gaba da zamansu.

Shekaru suka wuce ba abin da ya faru, har na fara sa rai an yi kuskure. Mama ta rasu ba ta sani ba. Rannan Noreen tana zaune a kujerar shagona ina rage mata gashi, sai na ga mayafin da na yafa mata yana motsi ta wajen cinyar hagu. Na ɗaga. Babban yatsanta ne ke goga ɗan'uwansa, kamar mai barbaɗa gishiri a miya. Almakashi ya tsaya a hannuna.

Ta dube ni ta madubi. "Na gani. Na riga ki gani tun bazara. Ci gaba da aikinki, kada ki bar ni da rabin kai."

Ba ciwon ne ya fi tayar mata da hankali ba, na'urarta ce. Tun ranar Istan nan take ɗaura ta. Yanzu da jikin ya fara sauyawa, sai na'urar ta koma yi mata ƙarya. In ta kwana ido biyu, jiki ya sandare ta kasa ko juyi, da safe na'ura ta ce ta yi barci mai daɗi, tunda ba ta ji motsi ba. In kuma tana zaune da rana tana karatu hannu yana karkarwa, ta ce tafiya take yi. Ta zo shagona da hantsi ta jefa ta a kan teburin madubi.

"Dube ta. Ni na haife ta, ni take yi wa ƙarya."

Na ce, "To ki gyara ta mana."

"Ba ki gane ba. Duk mai rawar hannu da ya zo shiga bincikenmu, mayar da shi muke yi. In ma ya shiga, mu ware layukansa mu ce shara ce, tana ɓata lissafi. Ni na kafa dokar da hannuna. Na ƙera abin da zai ce wa mutum ciwo yana tafe, amma ranar da ciwon ya iso sai ya daina ganin mutumin."

Ta yanke shawarar juya aikin ɗakin bincikenta gaba ɗaya zuwa ga mutanen da ta yi ta korewa. A nan ta ci karo da shugaban cibiyar, Dakta Colin Ashdown. Lokacin ta daina tuƙi, ni na kai ta. Na ce zan jira a mota, ta ce a'a, in shigo in ga yadda ake yanka mutum da murmushi.

Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ya taso ya ja mata kujera, ya tambaye ni shago, ya sa aka kawo kofi. Sannan ya haɗa yatsu ya ce kowa a cibiyar yana alfahari da ita, kuma lokaci ya yi da za ta kula da kanta. Za a shirya mata liyafa, a sa sunanta a jikin ɗakin taro. Wani kamfani yana dab da karɓar na'urar yadda take, ta shiga hannun dubban mutane. Ba yanzu ne lokacin tono aibinta ba.

Noreen ta ce, "Yaushe ne lokacin?"

"Noreen, ki fahimce ni. Mutum ba ya zama mai bincike kuma majinyaci a aiki ɗaya. Abin ya shafe ki, dole ya taɓa yadda kike ganin al'amura."

"Hannuna ne ke rawa, Colin, ba kaina ba."

"Ba wanda ya ce haka. Batun taron Montreal kuma, na ga kamar wani daga cikin matasan ya gabatar a madadinki. Tafiyar da nisa, kada ki wahala."

"Kada in wahala, ko kada mutanen kamfani su ga hannun?"

Ta ɗauki kofin da hannun hagu da gangan. Kofi ya yi ta fantsama a kan farantin, a kan tebur, har kan wata takarda da ke gabansa. Ta kurɓa ta ajiye. Ta ce, "Sunana ne a jerin masu magana. Mu haɗu a Montreal."

Ni na raka ta. Ban taɓa shiga ɗaki mai yawan masu tabarau haka ba. Na gyara mata gashi, na ɓalla mata maɓallan riga, na roƙe ta ta sa hannun a aljihu. Ta hau mumbari ta ɗauki ɗan abin nan mai haska jan ɗigo a allo, da hannun hagu. Ɗigon ya kama tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar ƙuda a taga. Wani ya yi tari. Wata 'yar ma'aikaciya ta taso za ta karɓa mata.

Noreen ta ce, "Zauna, 'yata, na gode. Jama'a, ku dubi ɗigon nan da kyau, kada ku kawar da kai. A kansa na zo magana. Na'urar da na ƙera, wadda wasunku suka yi ta yabo, in ta ga wannan cewa take ina yawo a kasuwa."

Ta nuna musu inda lissafinta ke kuskure, wuri bayan wuri, ba ta rage komai ba. Ta ce ga masu lafiyar hannu na'urar tana aiki, wannan ba ta janye ba. Amma duk wanda ya ɗaura ta a hannun mai Parkinson ya gaskata abin da ta faɗa, zai ba da magani a kan ƙarya. Wani dattijo ya tashi ya tambaye ta ko ba ta ganin ta rusa aikin rayuwarta. Ta ce, "Nawa ne ai. In ban rusa ba wa zai rusa min da kyau?"

An tafa, amma ba sosai ba. Colin yana layin gaba, kunnuwansa sun yi ja.

Kamfanin ya ja da baya. Da muka dawo, kafin wata ya ƙare an raba ɗalibanta ga wasu malamai, an ba wani ɗakin bincikenta. Korarta ba ta yiwu ba, sai aka mayar da ita wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gini, ba taga. Na ce ta kai ƙara ƙungiyar ma'aikata. Ta ce ba ta da lokacin ɓatawa, kuma ɗakin ya fi ko'ina ɗumi a ginin. Abu ɗaya ta yarda Colin ya yi gaskiya a kai, wato bai kamata ta auna kanta da kanta ba. Ta tattara duk abin da na'ura ta ɗauka a jikinta ta aika wa wata abokiyar aikinta a Halifax, ta ce ta yi yadda ta ga dama da shi. Amma ba ta taɓa faɗa wa Colin ya yi gaskiya ba, kuma ta hana ni faɗa.

Sai neman mutane. Akwai masu irin ciwonta da ke haɗuwa ranar Talata a zauren wata coci a unguwarmu, suna dukan buhun dambe don jiki ya saki. Likitanta ya daɗe yana tura ta tana ƙi, wai ba ta son zaman makokin masu rai. Rannan sai ta je, da izinin bincike a jaka da na'urori a kwali. Tana cikin bayani wani tsoho mai faɗin kafaɗa ya ɗaga safar dambe. Ernie Beaulieu sunansa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Hannayensa biyu rawa suke har gwiwar hannu.

Ya ce, "Tsaya, Dakta. Ba ke ce mai agogon barci ba?"

"Ni ce."

"Na taɓa zuwa wajenku. Wata yarinya ta dubi hannuna ta ce ban dace ba. Na matsa mata, ta ce motsina shara ne a wajen kwamfuta."

"Ni na koya mata faɗin haka."

"To yau me ya kawo ki bola?"

Ta zaro hannun hagu daga aljihu ta ɗaga masa. Ya dube shi, ya dube ta, sai ya tuntsire da dariya har yana riƙe buhu.

"Wannan ne rawar? Haba Dakta, ai ke koyo kike. Ni rabona da neman cokalin motsa kofi har na manta. Kawo agogon."

Shi ya fara ɗaurawa, kuma shi ya ja sauran. Wanda ya yi gardama sai Ernie ya ce, "Kai, me kake tsoro? Matarka ta riga ta san kana minshari." Ya sa wa ƙungiyar suna 'Yan Shara, har ya sa aka buga musu riguna. Noreen ta ce sunan bai dace da takardun kimiyya ba, amma ta sa rigar.

Aikin ba na ɗan lokaci ba ne. Sai an san gaskiyar abin da mutum ke yi kafin a koya wa kwamfuta, don haka matan aure da mazan aure da 'ya'ya suka zama masu sa ido, suna faɗin yaushe ya farka, yaushe ya sandare, yaushe ya sha magani. Ita kuma tana neman bambancin karkarwa da tafiya, da bambancin wanda barci ya kwantar da wanda ciwo ya daskarar. Ta ce rawar ciwon tana da kiɗanta, ba ta sauri ba ta jinkiri, in ka iya saurare za ka cire ta gefe ka ji abin da ke ƙarƙashinta. Mai sandarewa ne ya fi ba ta wuya. Sai da ta ƙara wa na'urar abin jin bugun zuciya, don zuciyar mai barci da ta wanda ke kwance yana kallon rufi ba ɗaya suke tafiya ba.

Mutanen birni ba su isa ba. Walter ya ajiye aiki ya sayi tsohuwar mota mai ɗaukar kaya, suka shiga garuruwa: Dauphin, Swan River, har The Pas. Wani lokaci in rufe shago in bi su, ina yi wa tsofaffi aski ita tana ɗaura musu na'ura. A zauren coci, a ɗakin girki, a gidan kula da tsofaffi, ko'ina sai an cika mu da miyar kabeji da burodi kafin a bar mu mu tashi.

Gwajin farko ya faɗi warwas. Na biyu ma haka. Na same ta a ɗakin nan na ƙasa ta kifa kai a tebur, na ce ko dai a haƙura. Ba ta ɗago ba ta ce, "In haƙuri kika kawo min, mayar da shi mota."

A sanyin da ya biyo baya ta zame a bakin wani asibitin ƙauye ta karya ƙugu. Bayan an yi mata aiki, likitan, yaro ne sa'an ɗana, ya tsaya a kanta ya ce, "Mama, yawon nan ya isa haka. Jikinki yana ba ki saƙo."

Ta ce, "Ɗana, karanta saƙon jiki shi ne sana'ata tun ba a haife ka ba. Cewa ya yi in sayi takalmi mai ƙusa. Walter, miƙo min kwamfutata."

Walter ya dube ni. Karo ɗaya ke nan da na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Noreen, ni fa ba na'ura ba ne. Ni na ɗaga ki daga ƙanƙarar nan."

Can ta kamo hannunsa da nata mai rawa, hannayen biyu suka yi ta karkarwa tare a kan bargo. Ta ce, "Na sani. Daga yau ba na fita mota sai ka zagayo ka riƙe ni. Amma motar ba za ta tsaya ba." Ya share ido ya miƙa mata kwamfutar.

Ernie bai ga ƙarshen aikin ba. Ciwon huhu ya kama shi, ya tafi cikin 'yan kwanaki. 'Yarsa ta kawo wa Noreen na'urar a wajen jana'iza, ta ce ko a asibiti ya hana a cire masa, wai Dakta tana bukatar ganin yadda shara ke ƙarewa. Noreen ta karɓa ta sa a jaka. A hanyar gida ta sa Walter ya tsaya a gefen titi, ta fita ta jingina da mota ta yi kuka mai sauti, irin wanda ko a mutuwar Mama ban ji ta yi ba. Sannan ta shigo ta ce a kai ta ofis.

Gwaji na uku ya tsaya da ƙafarsa. Ba cikakke ba ne, ita da kanta ta rubuta cewa har yanzu yana kuskure a kan wasu, ta kuma faɗi ko su wane ne. Amma wata likita a arewa ta fara amfani da shi wajen gyara wa majinyata lokacin shan magani. Akwai wata tsohuwa a Swan River da 'ya'yanta suka ɗauka rikicin tsufa ne ya kama ta, kullum tana gyangyaɗi tana manta magana. Na'ura ta nuna ba ta barci ne kawai, kwance take a sandare har gari ya waye, kuma ba ta iya bayani ba. Aka sauya mata magani. Da muka koma garin, ita ta tarbe mu a ƙofa tana yi wa Walter faɗan ya taka mata furanni.

Da aikin ya fito a mujalla, da sunan Ernie a shafin farko, sai cibiya ta tuna da liyafar nan. Lokacin Noreen ta kai shekarun ajiye aiki ko ta so ko ta ƙi. Na ɗauka ba za ta je ba, sai ta ce in zo in gyara mata kai. Ta tafi da 'Yan Shara cike da mota, kowa da rigarsa a ƙarƙashin kwat. Colin ya yi jawabi mai kyau, ya ce tun farko ya san za ta kai ga nasara. Sannan aka yaye ƙyalle daga kan kyautar da aka tanadar mata. Kujera ce mai lilo, ta katako, irin ta 'yan fansho.

Muryarta ta riga ta yi ƙasa a lokacin, sai da aka kara mata abin magana a baki. Ta ce, "Na gode, Colin. Amma ni da nake girgiza da kaina, me zan yi da kujera mai girgiza? Ka ajiye ta a ofishinka, kai ne ba ka motsi."

'Yan Shara suka buga tebur har cokula na zuba ƙasa. Colin ma ya yi dariya, don ba yadda zai yi. Kujerar dai tana shagona yanzu, tsofaffi na rububinta.

Yau Noreen ba ta iya ɓalla maɓalli, rubutunta ya ƙanƙance har ita ba ta karanta shi. Wani lokaci ƙafafunta kan manne a bakin ƙofa, sai Walter ya yi mata ƙidayar sojoji kafin su saki. Magana take yi wa kwamfuta tana rubutawa, in ta ƙi jin ta ta zage ta da yaren kakanninmu da muka ji a bakin Mama. Ran Lahadin da ta wuce na kai musu abinci da rana, na tarar da wani mutum a keken guragu a ɗakin girkinsu, tsohon ɗan kwana-kwana da ya faɗo daga tsani. Ta sa Walter ya ɗaura masa na'ura ɗaya a hannu, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a jikin keken.

Na ce, "Yaya, wannan kuma fa? Na ɗauka an gama."

Na sunkuya don in ji amsar. Ta ce, "Agogon da ya saya a kanti cewa yake bai yi taku ko ɗaya ba tun da ya faɗo, wai ya tashi ya motsa jiki. Mutumin da ke tura kansa har bakin kogi kullum. Ajiye tukunyar ki riƙe min wannan wayar, hannunki ya fi nawa tsayuwa."

Na ajiye tukunyar na riƙe.